Keke Mai Lamba Sha Bakwai

Ni ne Wekesa, mai ba da hayar kekuna
a ƙofar dajin Karura, inda Nairobi ke tuɓe takalmi ta huta.
Bayan shinge motoci na ta yi wa juna haushi,
ciki kuwa inuwa ce, da jar ƙasa mai kama tafin ƙafa,
da birai masu zaman jiran wanda zai manta da ayabarsa.

Asabar ce ranar cinikina.
Uba da 'ya'ya uku, kowa ya kafe sai jan keke,
masu gudu da agogo a hannu suna ƙirga numfashi,
wata mata da karen da ya fi ni cin nama.

Sai ga Nyakio, tsohuwar malamar lissafi,
shekara sittin da huɗu, furfura na leƙowa ta ƙasan hula,
jikanta Githinji na rungume da jakarta.
Ta bi kekuna da kallo kamar mai tayin akuya,
ta ce, "Ba ni wanda ba shi da girman kai."
Na ba ta sha bakwai, mai karkataccen kwando,
wanda ƙararrawarsa ta shaƙe tun damina.

Ta ce, "Shekara talatin Ndirangu na cewa zai koya mini.
Kullum sai an yi hutu, kullum sai an biya kuɗin makaranta.
Bara ya tafi da alkawarinsa a aljihu.
Kekensa na jingine a bayan ɗaki, tsatsa tana cin sa,
ni kuma na gaji da yin shara ina kewaye shi."

Ban ce komai ba. Na rage mata sirdi.

Faɗuwar farko a kan ciyawa ce, ta tashi tana dariya.
Ta biyu a gindin gora, wannan babu dariya.
Githinji ya ce, "Kaka, mu koma gida."
Ta kakkaɓe gwiwa, ta ce, "Yaro,
na koya wa yara dubu lissafin rabawa,
ba wanda ya iya a Litinin ta farko.
Riƙe mini baya."

Ya riƙe. Ya bi ta da gudu yana haki,
suka wuce masu shimfiɗa da shayi a fulas,
suka wuce yarinya mai hura kumfar sabulu,
busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin taya.
Daidai kwanar da hanya ke gangarawa rafi
na ga yaron ya saki.
Ita ba ta sani ba.
Tana ta faɗa wa iska, "Kada ka sake ni, ka ji ko?"
shi kuwa yana can tsaye, hannu biyu a ka.

Itatuwa suka haɗiye ta.
Na tsaya da famfo a hannu, wani na jiran canjinsa.
Minti goma. Sha biyar.
Wani tsuntsu ya yi kuka, ya dakata, ya sake.

A ƙafa ta dawo, tana tura shi,
ƙaya a siket, laka har gwiwar hannu,
kwando ya ƙara karkata.
Ta ce, "Birki fa?
Ba wanda ya yi mini zancen birki."
Na sunkuyar da kai, na rasa bakin magana.

Ta biya kuɗin awa biyu, ta ƙi karɓar ragi.
Har ta kai ƙofa, ta juyo:
"Kana gyaran na waje? Akwai wani a gida,
baƙi, dogo, tayoyinsa duk sun sace.
Asabar zan kawo shi.
Shi ma ka rage masa sirdi."

Rana ta yi ja, masu gadi na kaɗa mutane waje,
yara na barci a kafaɗun iyaye.
Na jera kekuna, na zura musu sarƙa.
Da na zo kan sha bakwai na taɓa ƙararrawar, don sabo kawai,
sai ta amsa.
Faɗuwa ce ta gyara ta ko me, oho.